Daddawar Baba

Shekarun baya, muna haya a Barkin Sale, matata ta samu cikin fari, laulayi ya sa ta gaba. Duk abin da ta kai baki sai ya dawo, har ruwan shayi. Ta rame har zobe ya fara zame mata. A asibiti aka ce in ba ta fara cin abinci ba, kwantar da ita za a yi. Hankalina ya tashi ƙwarai, ga shi girkina a lokacin bai wuce suyar ƙwai ba.

Abu ɗaya ne ba ya tayar mata da zuciya, ƙamshin farfesun kifin da maƙwabciyarmu take yi ran Lahadi in ta dawo daga coci. Dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, malamar firamare, Mama muke ce mata. Wata Lahadi matata ta shaƙi ƙamshin ta ce, "Wallahi irin wannan zan iya sha."

Da na roƙi kwano ɗaya da an wuce wurin. Amma ina! So nake a ce da hannuna na yi. Na leƙa ta katanga na ce, "Mama, don Allah me kike sa wa farfesun nan?"

Ta ce, "Daddoya ne, Ango. Ka sa da yawa, kar ka ji tsoro."

Ni kuwa daddawa kunnena ya ji. Na garzaya kasuwa na sayo tarwaɗa da daddawa, na daka na zuba, na tuna an ce kar in ji tsoro, na ƙara. Gida ya ɗauka da warin daddawa. Matata ko kwanon ba ta gani ba ta yi waje da gudu.

Kakarin amanta ne ya shigo da Mama. Ta buɗe tukunyar, ta yi maza ta rufe.

"Ango, farfesu ne wannan ko miyan kuka?"

"Ai ke kika ce daddawa, Mama."

Ta yi dariya har da dafa bango. "Daddoya na ce, ganye! Kai Bahaushe, ni zan koya maka Hausa?"

Ashe ɗaɗɗoya take nufi. Ta ja ni bayan ɗakinmu, inda ruwan famfo ke gangarawa, ta nuna min wani tsiro da nake sarewa da adda duk damina, wai ciyawa. Irinsa ne ya tsallako daga lambunta. Ta murje ganye ɗaya ta kai min hanci, sai ga ƙamshin Lahadin nan sak.

Da ragowar kifin na sake ɗora tukunya, Mama na tsaye a kaina. Ta ce ganyen sai an kusa saukewa ake yayyanka shi a zuba, in ya daɗe a wuta ƙamshin ya gudu. Matata ta kurɓi romon, muka zuba mata ido. Ta sake kurɓa. Can ta miƙo kwanon ta ce, "Akwai saura?" Na fita tsakar gida ina share ido, na ce attaruhu ne.

Tun daga ranar ban ƙara ɗaga wa tsiron nan adda ba. Na dasa shi a tsohon bokitin fenti, na'a-na'a da lansir suka biyo baya. Mama ta yi ritaya ta koma garinsu, mu ma muka tashi zuwa Bosso, bokitin yana kan cinyata a motar kaya.

Har yau in na murje ganyen sai daɗi ya kama ni, in tuna yadda na zagaye kasuwa alhali abin da nake nema yana bayan ɗakina. Cikin nan kuwa yanzu budurwa ce, ita ake aika ta tsinko ganyen in an ɗora farfesu. Daddawar Baba take ce masa. Na so in gyara mata sunan, uwarta ta hana.