Rakiya Zuwa Bakin Titi

Shekarar da ƙungiyarmu ta matan Hausawa mazauna Alƙahira ta samu tallafin kula da baƙaƙen fatar da aka zalunta, sharaɗin masu ba da kuɗin shi ne mu buɗe ofis. Muka buɗe a unguwar Madinat Nasr, da kujeru da fanka. Na zauna ina ta hamma, ko kare bai leƙo ba. Dama na faɗa musu, a wurinmu wanda abu ya sama ba ya ɗaukar ƙafa ya kai kukansa, shi ake zuwa wa jaje.

Ana haka aka ba ni labarin wata Bahaushiyar Sudan a unguwar Abbasiya, mai zanen lalle. Wasu 'yan iska a kan babur sun fizge mata jaka, suka ja ta a ƙasa, suka bi ta da zagin launin fatarta. Hannun daman da take cin abinci da shi ya kumbura, amma tsoro ya hana ta fita asibiti. Raina ya ɓaci ƙwarai, don in hannun ya ƙage, sana'arta ta mutu.

Na je wa jami'ar da ke lura da tallafin, wata Bamisriya mai kirki amma mai son ƙa'ida kamar me. Na ce ta bari mu kashe kuɗin a mota da cefane, mu riƙa bin mutane gida. Ta ce sai ta gani da idonta. Na ce yalla, mu je, gani ya kori ji.

Muka je da kwanon tuwon shinkafa da miyar kuka. Matar na kwance a ɗaki mai duhu, ta naɗe hannun da ɗankwali.

"Sannu Yaya, ya jiki? Allah ya tsare gaba," na ce.

"Amin, ƙanwata. Ma'alish, ku yi haƙuri, kun same ni haka."

Jami'ar ta buɗe baki za ta fara tambayar yadda abin ya faru, na mintsine ta. Muka ci tuwo, muka yi ta hirar tsadar haya da sharrin masu gida, har matar ta yi dariya. Ban ce uffan kan asibiti ba, duk da yana bakina.

Da muka miƙe, ita ma ta miƙe ta yafa mayafi. Jami'ar ta ce ta zauna ta huta.

"Haba! Baƙuwa ta zo gidana karon farko, in bar ta ta tafi ba rakiya? Ai ba haka aka rene ni ba."

Ta raka mu bakin ƙofa. Na ja hirar, ta biyo mu matakala. Ni kuwa na ƙi yin sallama, ita kuma kunya ta hana ta juyawa, sai ga mu a bakin titi, rana na dukan fuskarta. Jami'ar ta kalle ni, ta raɗa mini, "Tamam, na yarda, ku ci gaba da zuwa gidajen."

Wani babur ya wuce da gudu. Matar ta damƙe ni da hannun hagu har na ji zafi. Na ce a raina shi ke nan, za ta koma ciki.

Ta daɗe tana kallon titin, sannan ta gyara mayafinta.

"Ƙanwata, tunda dai na riga na fito, tsayar mana da tasi mu je asibiti. Akwai amaryar da ke jiran hannun nan."