Ambulan da Babban Likita Bai Buɗe Ba

Shekara ashirin da uku Yayata tana yanka nama, amma duk abin da take yankawa a wuni ba zai cika cokalin shayi ba. A ɗakin gwaje-gwajen asibiti take aiki, can ƙasan bene, inda warin sinadari ke sa ido hawaye. In likita ya zura kyamara a hanjin mara lafiya ya tsinko 'yar tsoka kamar ƙwayar shinkafa, wurinta ake kaiwa. Ta daskarar da ita cikin kakin kyandir, ta yanka siriri, ta ɗora a gilashi, ta rina, sannan likitar ɗakin ta duba a madubin ƙara girma ta rubuta sakamako. Likitocin sama Sarkin Ƙorafi suke ce mata, don duk kwalbar da ta zo ba a rubuta daga wane ɓangaren hanji aka ciro ba, da ƙafarta take mayar musu.

Mijina malamin makaranta ne, kuma shekara shida yana fama da kumburin hanji. Gudawa da jini, ya bar aji sau biyar kafin a tashi, har ya rame kamar a hure shi. Wata allura da ake masa duk bayan wata biyu ce ta tsayar da abin. Bana aka sake zura masa kyamara, aka ɗebi nama. Da muka koma, babban likita ya ce, "Malam, hanjinka ya yi fes. Mun dakatar da allura."

Da murnata na kira Yaya.

"Sakamakon naman fa, me ya ce?"

"Bai ma yi zancensa ba."

"To, gobe ku same ni a ƙofarsa."

Muna shiga ta jawo fayil ɗin mijina daga teburin. Ga ambulan ɗin sakamakon naman a ciki, a liƙe yadda aka aiko shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a buɗe wannan ba."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Shekara talatin ina leƙa hanji. Abin da idona ya gani ya ishe ni. Mu kanmu likitoci ba mu gama yarda a riƙa bin gilashi ana canza magani ba."

"Ku yi gardamarku, ni ba likita ba ce. Amma in ba za a karanta ba, don me aka tsinke wa bawan Allah hanji?"

Ta farke ambulan ta ajiye masa. Likitar ɗakin gwaje-gwajen ta rubuta cewa kumburin na nan daram a cikin naman, inda kyamara ba ta gani, kuma ciwon na iya dawowa. Kwana goma takardar nan tana kwance a gabansa!

Ya karanta sau biyu. Bai ce sannu ba, bai ce an yi kuskure ba. Ya rubuta a ci gaba da allura, ya miƙa wa mijina, sannan ya juya ga Yaya ya tambaye ta wa ya ba ta izinin taɓa fayil ɗin mara lafiya.

Kafin mako ya zagayo takarda ta same ta: wai rashin ladabi. Aka ɗauke ta daga injin yankan da ta fi kowa sani, aka mayar da ita wankin kwalabe. Wanda bai buɗe ambulan ba kuwa yana nan a kujerarsa, ana ta rusuna masa.

Na je na same ta tsaye a bakin famfo, hannuwanta sun yi fari fat saboda sabulu. Kuka ya ƙwace mini, na ce mu muka ja mata, kuma sai na kai ƙara ko'ina ne.

Ta kashe famfon, ta goge hannu a rigarta.

"Ke, bar wannan hayaniyar. An yi wa mijinki allurar jiya?"

Na ce an yi.

"To, matsa mini, kin tsaya min a kan tiyo."