Ranar da Na Zama Baƙo a Ƙofar Mata

Ɗana yana Turai, shekara tara ke nan. Aikin lodi yake yi, ya yi aure a can, sun haifi 'ya mace. Ni ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Ita kuwa a lokacin ko a hoton ba ta taɓa ganina ba, don wayata irin mai madannin nan ce, kira kawai ta iya.

Wata rana ya turo hotuna ta wayar surukina, mijin ƙanwarsa. Ranar hutun ɗan nawa ce ya kwashi matar da yarinyar suka zaga tsohon garin da suke zaune, a ƙafa, da burodi a jaka, wai abincin wajen tsada gare shi. Ga su a gaban wani rusasshen gini, ga su a kan gada. Da ya kira ni sai ya ce, "Baba, yarinyar nan ta dame ni da tambaya, ina garin kakanta, yaya kamanninsa. Ka zaga ka ɗauko mata gari. Amma fa ka fito a ciki, kai take son gani."

Na ce to.

Surukin ya ara mini wayarsa ran Lahadi, ya ce in dawo da ita kafin magariba. Ya nuna mini inda ake dannawa, ya nuna mini yadda ake juya ta ta kalli mai riƙe da ita. Na ce na gane. Ban gane ba.

Gyaran keken ɗinki nake yi a Zaitawa, a nan aka haife ni. Tun da mai ɗakina ta rasu, daga shago sai masallaci sai gida. Ran nan na sa rigar Sallah, na sayi gurasa na ɗaure a leda, na fita a ƙafa.

Da Ƙofar Ɗan Agundi na fara. Allah kaɗai ya san sau nawa na bi ta ƙofar nan, amma ban taɓa tsayawa na ɗaga kai na kalle ta ba. Na ɗauke ta sau biyu. Saura ni. Na tsaya ina duba wanda zan miƙa wa wayar, sai ga wani tela da nake yi wa gyara a kan mashin.

"Malam, wannan ado fa? Bazawara za a tura wa?"

Na kara wayar a kunne kamar ana kirana, na ɗaga masa hannu ya wuce. Bakano ɗan shekara hamsin da wani abu ba ya tsayawa a bakin ƙofar gari ya ce a ɗauke shi hoto. Kafin la'asar labari ya kai unguwa.

Na hau adaidaita zuwa Dala, shi ma rabin hanya, sauran na taka. Ban taɓa hawa dutsen nan ba sai ranar. Gwiwata ta gaya mini shekaruna, sau uku ina zama a matakala. A sama na tarar da mutane ƙungiya-ƙungiya, kowa da wanda zai ɗauke shi. Na koma gefe na ci gurasata. Na nemi rufin gidanmu cikin rufin kwanon da ya cika gari, ban gano shi ba. Na gwada juya wayar yadda aka nuna mini. Abin da ya fito hulata ce da sararin sama.

Bayan la'asar na isa marinar Ƙofar Mata, ƙafata ta kumbura. Ina ɗaga waya sai wani marini ya taso, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Baƙo ne? Daga ina?"

Na ce, "Daga Damagaram."

Har yau ban san daga inda maganar nan ta fito ba. Ban taɓa zuwa Damagaram ba.

Ya jawo mini benci, ya sa aka kawo ruwa. Ya shiga yi mini bayani, yadda ake haɗa shuni da toka a ramin, kwana nawa yake yi kafin ya nuna, yadda ake tsoma zane a ɗago shi ya sha iska a sake tsomawa. Duk na sani. Kawuna marini ne, a hannunsa na yi wayo. Amma na zauna ina gyaɗa kai ina cewa ikon Allah. Gaskiyar magana, tun rasuwar matata ba wanda ya zauna ya yi mini magana mai tsawo haka. Masu kawo gyara "ya yi?" kawai suke cewa, su ɗauki kekensu. Kuma baƙo ba ya jin kunyar cewa a ɗauke shi hoto, abin da ya kawo shi ke nan.

Na miƙa masa wayar. Ya tsayar da ni a bakin rami, ya ba ni wani zane na riƙe, ya gyara mini wuyan riga. Ya ja da baya yana saitawa, sai wani dattijo da ke zaune a rumfa ya yi magana.

"Wane irin Damagaram? Wannan ai mai gyaran keke ne na Zaitawa. Shi ya gyara wa 'yata nata."

Wajen ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Yaushe aka mayar da Zaitawa Nijar ba mu ji ba?" Wani ya ce a tambaye ni takardar shigowa. Marinin bai yi dariya ba. Ya sauke wayar ya dube ni.

"Malam, me ya yi zafi? Tun ɗazu ina zuba kamar rediyo."

Na so in karɓi wayar in tafi. Amma rana ta yi ƙasa, kuma ba ni da hoto ko ɗaya da nake ciki. Na ce, "Jikata ce a Turai. Ba ta san fuskata ba. Tun safe nake yawo, na kasa ce wa kowa ya ɗauke ni."

Dattijon ya ce wa marinin, "To ɗauke shi mana, ka tsaya kallonsa. Kai kuma Badamagare, saki fuskarka, ba ofishin 'yan sanda ba ne."

Ya ɗauka sau uku. Na sayi ɗankwali mafi ƙanƙanta a wajensa don kunya, na fita ban waiwaya ba. Ana kiran magariba na mayar da wayar, surukin ya tura hotunan ina tsaye.

Bayan kwana huɗu ya aiko in zo, saƙo ya shigo. A ƙofar gidansa na same shi da makullin mashin a hannu, zai fita. Ya kunna mini. Muryar yarinya ce, siririya, da yarensu na can. Ta daɗe tana magana, ta yi dariya a tsakiya, a ƙarshe ta ɗaga murya kamar mai tambaya. A ƙasa uban ya rubuta, "Ta ce ta gode."

Na ce ya sake kunnawa, ya sake. Na ga yana duba hanya, ban iya cewa a yi na uku ba.

Da na koma shago na kira ɗan nawa na ce, "Maganar nan ta fi 'na gode' tsawo. Me ta tambaya a ƙarshe?" Ya ce yana wajen aiki, ya manta, zai tambaye ta in ya koma gida.

Wata biyar ke nan. Ban sake tayar masa da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Ta dai ga fuskata.