Glenys Petrakis, Mai Riƙon Sunaye

Ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, da hantsi, ɗiyarki Tasoula ta kira ni a waya ta ce kin cika a asibiti nan Darwin, kina da shekara saba'in da ɗaya. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma da na zauna rubuta wannan, sai na iske murmushi ya fi hawayen yawa.

Shekara sha huɗu muna aiki a bene ɗaya a ofishin ƙididdiga, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu, kuma ban taɓa ƙetare ta ba. Aikinmu shi ne haɗa takardun 'yan sanda da na kotu da na gidan yari, don a san ko wanda aka saki ya sake komawa. Ke kina ganin sunaye, ba kya ganin laifi. Ni ina ganin laifi, amma lamba kike miƙo mini a madadin suna. Haka dokar aikin take, kin kuwa riƙe ta gam. Ko shayi na kawo miki, a bakin ƙofa kike karɓa.

Da ido kike duba duk takardun da kwamfuta ta haɗa, ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na je wa darakta da cewa wannan ɓata lokaci ne, aka dakatar da ke daga dubawar.

A shekarar ne gwamnati ta nemi mu auna gidan Anti Marlene da ke Katherine, gida mai gado goma sha biyu, inda mazan da suka fito daga yari ke sauka su yi aikin gonar mangwaro kafin su koma garuruwansu. In ba ya amfani, za a rufe shi ƙarshen damina. Lissafina ya nuna bakwai cikin goma suna komawa yari kafin shekara. Na miƙa rahoto ina ji da kaina.

A wajen shayin ƙarfe goma nake ba da labarin lamba 4417, wanda aka kama sau talatin da ɗaya: Litinin a Borroloola, Talata da safe a Alice Springs, garuruwan da ke da fiye da kilomita dubu tsakaninsu. Kika ajiye kofi.

"Sarkin kwamfuta, mutumin nan naka jirgin sama gare shi?"

Na ce ƙila direban kirki ne.

"Kai dai ba ka taɓa bin hanyar nan da mota ba, shi ya sa."

Kafin ki zo ofishinmu, shekara ashirin kin yi kina bin alƙali ƙauye-ƙauye a matsayin akawun kotu, don haka kin san abin da ban sani ba. Waɗanda aka haifa a daji babu takarda, ɗaya ga Yuli akawu ke rubuta musu duka a matsayin ranar haihuwa, ya laƙaba musu sunan gonar shanun da iyayensu ke aiki. Kwamfuta ta ga suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, sai ta ɗora wa mutum guda laifin jama'a.

Kin karɓi takardar izinin bincike, kin loda ruwa a tsohuwar motarki, kin yi mako uku kina bin ƙananan asibitocin ƙauye kina buɗe tsofaffin katuna, kina gwada sunan uwa da wurin haihuwa. Da kika dawo, fuska duk ta ƙone, lamba 4417 ta zama mutum huɗu, wasu lambobin da yawa ma suka rabu haka. Bakwai cikin goman nan tawa ta sauko uku.

Na tsaya a bakin ƙofarki na kasa haɗa ido da ke. Kika ce, "Je ka faɗa wa darakta da bakinka, Royce, ba cinye ka zai yi ba. Ungo biskit, ka ci a hanya." Daga ranar ba ki ƙara tayar da maganar ba, ko da wasa, ke da ba kya barin kowa ya sha ruwa da tsokana. Wannan alherin ya fi komai tsaya mini a rai.

Mako guda kafin ki cika, da na zo duba ki, na ce yanzu dai kin yi ritaya, ki faɗa mini su wane ne mutum huɗun nan. Kika harare ni ta saman tabarau.

"Aiki na ajiye, ɗan nema, ban ajiye rufe baki ba. Miƙo mini ruwa."

Ranar Juma'a a coci, wajen jana'izarki, Anti Marlene ta iso da bas daga Katherine, da maza tara da kwalayen mangwaro. Gidan yana nan, gadajensa yanzu goma sha shida. Shida daga cikin mazan suka ɗauki akwatinki. Na yi ta kallon fuskokinsu ina tunanin ko ɗaya daga cikin huɗun yana nan. Ban sani ba, ba kuma zan sani ba, kuma hankalina a kwance yake da hakan.

Mutanen Anti Marlene, 'yan asalin ƙasar nan, ba sa kama sunan mamaci. Da ta riƙe hannun Tasoula, cewa ta yi, "'Yata, tsohuwar nan ta riƙe mana sunayenmu. Yanzu mu za mu riƙe nata." Ni da ba al'adata ba ce, sau ɗaya na iya rubuta shi, can sama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Stavros, da Tasoula da ƙaninta Manoli, da jikokinki biyar. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayanta. Ke kuma, Ubangijin da ya san kowane bawa da sunansa, bai taɓa ɗora wa wani laifin wani ba, ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya sa kin huta.