Yaya Haruna da Gonar Hajara

Shekara tara ke nan cif da aka kai yayana, Malam Haruna, makwancinsa. Har yau in na shiga zauren gidanmu na Kwarbai sai idona ya kai lungun da yake shimfiɗa buzunsa, tabarau a karan hanci, tsofaffin takardu baje a gabansa.

Akawun kotu ne shi har ya yi ritaya. Bai daɗe da zama gida ba dillalan filaye suka fara yi mana zarya kan gonarmu ta gado da ke bayan Tukur-Tukur. Dangi suka amince a sayar, aka ce Yaya ya nemo shaidar mallaka tunda shi ya san kan takarda. Ya buɗe adakar mahaifinmu, ya sami takardu biyu na ajami masu hatimin alƙali. Ta farko ta nuna mahaifin kakanmu ne ya sayi gonar, iyakarta daga tsamiya zuwa bakin rafi. Ta biyu, wadda gara ta ci gefenta, ta ce ɓangaren gabas rabon 'yarsa Hajara ne. A cikinmu babu wanda ya taɓa jin wannan suna.

Ya tara dangi a zaure ya karanta musu. Wani ƙanenmu ya ce, "Yaya, shaida aka ce ka nemo mana, ba abokan rabo ba." Ni ma da muka keɓe na ce masa ya bar kaza cikin gashinta. Ya dube ni ya ce, "Binta, da ban gani ba da sauƙi. Amma na gani."

Ya hana a sayar. Shekara huɗu yana bin tsofaffi, daga mai unguwa zuwa liman zuwa gyatumar da ke iya tuna bikin wance, yana rubuta salsalarmu a wani littafi mai baƙin bango. Wasu 'yan'uwa suka ɗauke ƙafa daga gidan, kuma abin ya ci masa rai, don mutum ne mai son a taru a ci tuwo a kwano ɗaya. A ƙarshe ya gano Hajara ƙanwar kakanmu ce. An aurar da ita gidan wasu marina a Ƙofar Kibo, ta rasu wajen haihuwar fari, ta bar ɗa namiji, daga nan zumunci ya yanke. Ya gano har gidan jikanta, wani tela mai suna Malam Sani. Sau biyu yana zuwa ana ce masa telan ya yi tafiya. Kafin zuwa na uku ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki takardar na tafi, da kunyar abin da na taɓa faɗa masa. Malam Sani ya tsayar da kekensa ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Bai tambayi faɗin gonar ba. Cewa ya yi, "Hajiya, babana ya mutu yana cewa bai san dangin uwarsa ba. Ashe kuna nan kusa."

Yau gonar ta zama unguwa. An sare tsamiyar, rafin ya koma kwata, turakun siminti ke nuna iyaka. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga jikokinmu suna ɗaukar hoton takardun nan a waya, alhali ba mai iya karanta layi ɗaya. Ina jin zai yi faɗa kaɗan, sannan ya zaunar da su ya fara koya musu, don yakan ce da tsohuwar zuma ake magani.

Kasonmu mun sayar, kuɗin ya bi ta inda kuɗi ke bi. Malam Sani kuwa ya gina gida a rabon kakarsa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma duk Sallah 'ya'yansa sukan zo Kwarbai su gaishe ni, suna ce mini Gwaggo. Mutumin da ya sha yawo don ya nemo su bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka. Mun kai saƙon.