Idon Inna da Fim ɗin Mai Kwale-kwale

Ni da Addata, wato yayata, abu ɗaya tak muka yarda a kai: duk cikin masu shirya fim ɗin Hausa babu kamar daraktan nan da ya yi fim ɗin kotu da fim ɗin mai kwale-kwale. Daga nan sai kowacce ta kama hanyarta. Ita ta ce a na kotu ya ƙure basirarsa. Ni kuwa har gobe ina nan a kan bakana, wanda bai kalli na mai kwale-kwale ba bai san mutumin ba.

Na kotu labarin wa da ƙani ne da ke shari'a a kan gidan ubansu. Daga farko har ƙarshe baki ba ya hutawa, ga lauyoyi, ga kuka, ga waƙa. Nawa kuwa wani dattijo ne mai tsallakar da mutane kogi. Aka zo aka gina gada, fasinja suka ɗauke ƙafa, shi kuma ya ƙi barin bakin ruwa. Sai a yi nisa a fim ɗin ba wanda ya ce uffan, ƙarar ruwa kawai. Ni nan ne tsigar jikina ke tashi, Adda kuma nan take tashi ta je duba tukunya.

Alƙaliyarmu Inna ce, mahaifiyarmu, kuma a lokacin ba ta gani. Yanar ido ce ta rufe mata gani a hankali, ga ciwon sukari, har ta kai dare da rana kawai take bambancewa. Amma son fim bai bar ta ba. In an kawo wuta da rana sai mu shimfiɗa mata tabarma a falonmu na unguwar Turaki, ɗayarmu ta zauna a gefenta tana faɗa mata abin da ke faruwa a telebijin. To ka ga an cuce ni tun daga nan. Fim ɗin Adda da kansa yake bayanin kansa, ita sai dai ta ce, "Inna, ya harare shi." Ni kuwa sai na yi ta zuba har maƙogwarona ya bushe.

"Fim ɗinki bebe ne," in ji Inna. "Ke ce dai mai surutun."

"Inna, ai shirun ne gwanintar!"

"To ni shiru na zo saurare? Ina da shi a ɗakina kyauta."

Adda ta kwashe da dariya har da tafi. Na ji haushi ƙwarai, don na san da Inna na gani da ba a yi mini wannan ba.

Akwai maƙwabciyarmu, Bamumuyiya ce da Hausarta ba ta gama nuna ba, nas a wani asibiti wajen Mayo Gwoi. Ita ma takan shigo kallo, kuma mai goyon bayan Adda ce. "Mama, wannan na kotu shi ne ta fi," haka take cewa, "ɗayan kam barci yana kama ni." Ita ce ta kawo mana labarin cewa likitan ido ya zo, ana cire yana. Muka ɗauki Inna a keke muka kai ta. Likitan ya duba ya ce zai yi wa ido ɗaya aiki, amma bai yi alkawari ba, don sukari kan lalata can cikin ido inda wuƙa ba ta kaiwa. Sai an cire yanar za a sani.

Muna sauka a ƙofar gida Inna ta ce, "To madalla. In an buɗe min ido zan kalli duka biyun, in raba muku gardamar nan kowa ya huta."

Ai kamar ta zuba mana fetur. Kwanakin da suka rage kafin aikin, gidanmu ya koma filin kamfe. Adda na shafa wa Inna mai a ƙafa tana raɗa mata yadda hawayen ƙanin ke zuba a gaban alƙali. Ni ina taje mata kai ina ba ta labarin hasken yamma a kan ruwa. Na ce fim ɗin Adda hayaniyar tasha ce aka ɗauka da kyamara. Ta ce nawa daraktan ya manta ne bai rubuta maganar ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ku mutanen nan, unguwa duka yana jin ku fa!" Inna na tsakiya tana zuga mu, yau ta ba wannan gaskiya, gobe ta ba waccan. A ƙasan wannan ihun duka tsoro ne fal cikina, kuma na san Adda ma haka. Muddin muna musun wanne za ta fara kalla, ba sai mun tambayi kanmu ko za ta kalla ɗin ba.

Aka yi aikin. Washegari aka cire bandeji, muka tsaya a gabanta kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta ce, "Haske dai, kamar hayaƙin murhu." Likita ya ce a ba shi lokaci, ya ba mu maganin ɗigawa da baƙin tabarau. Muka dawo gida jiki a sanyaye. Kullum da safe in na ɗiga mata magani sai in ɗaga hannu in tambaye ta me ta gani, ta ce inuwa. Musu ya mutu. Ko telebijin ba mu ƙara kunnawa ba.

Wata rana bayan la'asar aka kawo wuta, fanka ta fara juyi. Inna ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Wai mutuwa aka yi a gidan nan ba a faɗa min ba? Ku shimfiɗa min tabarma. A sa na beben."

Ko murnar an fara da nawa ban iya yi ba. Na zauna a gefenta yadda na saba, Adda ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Inna ta cire tabarau ta ajiye a cinya. Na fara aikina: ga kogi, ga mutane suna wucewa ta kan gada, ga kwale-kwalen a ɗaure. Aka zo wurin da na fi so a duk fim ɗin.

"Ga shi nan ya zauna a bakin ruwa, Inna, ya zuba wa gadar ido..."

"Ba gadar yake kallo ba," ta ce. "Hannunsa yake kallo."

Na duba. Dattijon ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa, kansa a sunkuye. Na juyo na kalli Inna. Idonta na kan telebijin, yana bin hoton.

Ludayi ya faɗi. Adda ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabciyarmu ta shigo da gudu ba takalmi. Ni kuka nake ina dariya, na riƙe hannun Inna ina ta cewa, "Me kuma kika gani? Me kuma?" Adda ta durƙusa a gabanta, fuska jiƙe da hawaye, amma don ƙarfin hali wai cewa take, "Inna, saura nawa, kada ki yanke hukunci tukuna!"

Inna ta sa hannu ta ture kan Adda gefe.

"Matsa, kin tare min. Ke kuma rufe min baki, ina gani."