Raƙumin da ya kai mu gaban komiser

Shekaru sun ja, amma ranar da wata 'yar takarda ta kusa raba ni da iyalina ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina ɗinki a bakin babbar kasuwar Garoua, zamanin shugaban ƙasa na farko. Ina da aboki, malamin makaranta, Kirista daga duwatsun Guider. Shi ya koya mini darar Turawa, wadda ake ce wa eshek. Allon nasa tsoho ne, ƙwaya biyu sun ɓace, ɗaya a kowane ɓangare. Sai na kawo katakon zare biyu, fari da baƙi, muka sa musu suna raƙumi, muka ƙirƙira musu tsalle irin na doki amma ya fi nisa. Kullum da la'asar muna bugawa a gindin dalbejiya, mutane na kallo.

Gardamarmu ɗaya ce: nawa ne darajar raƙumi? A ƙwayoyin wasan, darajar soja ɗaya ce, ta doki uku, wannan kowa ya sani. Ni na ce raƙumi huɗu, shi ya ce uku. Don mu raba gardama muka fara rubuta darajar kowace ƙwaya da abin da ya faru a kowane wasa. Wata rana takardar ta ɓace, ba mu damu ba.

Bayan kwana uku, da hantsi, jandarma biyu suka tsaya a kan kekena na ɗinki, suka tafi da ni. Na tarar da abokina a ofishin komiser, shugaban 'yan sanda, alli bai ma fita daga hannunsa ba. A wancan zamani in aka ce an wuce da mutum kurkukun Tcholliré, ba a tambayar ranar dawowarsa. Abin da ke kaina ke nan, da matata mai tsohon ciki.

Komiser ya ɗauko takardarmu, ya karanta a hankali: "An ba da soja uku da raƙumi, an kashe sarki." Ya ɗago. "Wane sarki?"

Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne."

"A kawo wasan."

Aka je aka ɗauko allon. Muka jera ƙwayoyi. Komiser ya ɗora yatsa a takardar. "Kowa da lambarsa. Sarki kun sa masa babu. Ba shi da daraja ke nan?"

Abokina ya ce, "Ba a musayarsa da komai, shi ya sa. In ya faɗi, wasa ya ƙare."

"Soja fa? Ɗaya tak?"

Na buɗe baki zan kare soja, in ce ai shi kaɗai ne in ya kai ƙarshen allo yake rikiɗa ya fi kowa ƙarfi. Abokina ya taka mini ƙafa da ƙarfi. Sai a lokacin na ji yadda maganar za ta faɗa a kunnen mutumin. Na ce, "Suna da yawa ne, ranka ya daɗe."

Komiser ya daɗe yana kallona. Ya ɗauki katakon zaren, ya ce in nuna masa tafiyarsa. Na nuna. Ya motsa shi da kansa sau uku, huɗu.

"Ku duka biyu kun yi kuskure," ya ce. "Ba ya taɓa barin gidaje masu launi ɗaya. Rabin allon ba nasa ba ne. Biyu ya fi dacewa da shi."

Ashe ya iya wasan, ya fi mu ma. Tun farko ya gane takardar. Ya yage ta, ya ce, "An kawo mini rahoto, dole in tambaya. Wanda ya kawo yana zama da ku kullum. Da ofishin da ke gaba da nawa ya kai, da ba a aika ɗauko allo ba. Ku tafi."

Ba mu ƙara bugawa a gindin dalbejiya ba, kuma har yau ban san wanda ya ɗauki takardar ba. Abin da na koya shi ne, mun ɓata watanni muna auna ƙwayoyin katako, ba mu taɓa auna kalmominmu ba. Tun daga ranar, kafin in faɗi magana ko in rubuta ta, sai na tambayi kaina nauyin da za ta yi a hannun wanda ba ya ƙaunata.